Garkuwar Manyan Ƙasashe: Ba A Cinikin Biri A Sama

Ran 20 ga watan Mayu na 2025 Shugaban Amurka, Mista Donald Trump, ya tara 'yan jarida a fadarsa ya ba da sanarwar cewa ƙasarsa za ta gina wata garkuwa wadda za ta rufe sararin samaniyarta duka, ta yadda duk wani makami mai linzami da aka harbo mata daga ko'ina a duniya za a kakkaɓo shi tun bai iso ba. Ya raɗa wa shirin suna Ƙubbar Zinariya, ya ce zai ci dala biliyan 175, watau miliyan dubu 175, kuma za a gama shi cikin kamar shekara 3. Ofishin da ke yi wa Majalisar Dokokin Amurka lissafin kuɗi kuwa ya ƙiyasta cewa ɓangaren da za a rataya a sararin samaniya kaɗai yana iya cin dala biliyan 542 cikin shekara 20.

Tun kafin wannan sanarwa, a cikin watan nan na Mayu, Rasha da Sin sun fitar da takardar haɗin gwiwa suna cewa shirin zai dagula zaman lafiyar duniya. To, mai karatu yana iya tambaya, ina laifin wanda ya gina katanga a gidansa? Ai garkuwa ba ta kisa. Amsar wannan tambaya tana cikin tarihin shekara 70 da suka wuce, kuma rabinta magana ce ta ƙarfe da wuta, ɗaya rabin kuwa magana ce ta asiri da amana.

ME YA SA GARKUWA KE BA DA TSORO

A ɗauka mutum biyu ne masu gaba da juna suna tsaye, kowa da takobi zare. Muddin kowannensu ya san in ya kai sara shi ma zai sha sara, ba wanda zai fara. To, sai aka wayi gari ɗaya ya sa sulke ya ɗauki garkuwa. Ko da ya rantse cewa don kare kai ya yi, abokin gabarsa zai ga cewa yanzu wancan yana iya sara ba tare da tsoron ramuwa ba. Abin da zai yi shi ne ya nemo mashi da kibau masu huda sulke, ko kuma, in tsoro ya yi masa yawa, ya riga kai sara tun sulken bai gama ɗauruwa ba.

Haka al'amarin yake game da makaman ƙare-dangi. Abin da ya hana Amurka da Tarayyar Sobiyet gwabzawa a zamanin yaƙin cacar baka shi ne sanin da kowa ya yi cewa wanda ya fara harbi ba zai tsira ba. Garkuwar da ba za ta iya tare makamai dubu da aka harbo gaba ɗaya ba tana iya tare ragowar ɗari da suka tsira bayan an yi wa mai su shammace. Saboda haka garkuwa ta fi amfani ga wanda ya fara harbi.

Bugu da ƙari, akwai maganar kuɗi. Ƙara yawan makamai, ko haɗa su da na bogi don a ruɗe na'urar rada, ya fi arha nesa da gina abin tare su. Kuma da yake ba wanda ya san iyakar ƙarfin garkuwa sai ran da aka gwada ta a fagen fama, mai ita yakan ɗauka ba ta isa ba ya ƙara, abokin gaba kuwa yakan ɗauka ta fi yadda take ya ninka makamansa. Duk abin da aka ɓoye masa, shi zai cike gurbin da mafi munin zato.

A watan Yuni na 1967, a garin Glassboro na Amurka, Sakataren Tsaro Robert McNamara ya yi ƙoƙarin fahimtar da Firayim Ministan Sobiyet, Alexei Kosygin, wannan lissafi a gaban Shugaba Johnson. Kosygin bai yarda ba, a ganinsa makamin da ke ceton rai ba abin zargi ba ne. Sai bayan shekara 5 Mosko ta sauko. Abin mamaki, tun daga 1983 sai aka yi musayar matsayi, Amurka ke cewa garkuwa ba laifi, Rasha ke cewa akwai.

ABIN DA ƁOYO YA JAWO A FARKO

A taron Janiba na 1955 Shugaba Eisenhower ya kawo shawarar kowace ƙasa ta bar jiragen ɗayar su yi shawagi a samanta suna ɗaukar hoto. Nikita Khrushchev ya ƙi, ya ce leƙen asiri ne aka sake wa suna. Da aka hana Amurka shiga ta ƙofa sai ta haura ta katanga, ta riƙa aika jirgin leƙen asiri samfurin U-2 a ɓoye. Ran 1 ga Mayu na 1960 Sobiyet ta harbo ɗaya. Amurka ta ce jirgin binciken yanayi ne ya ɓata hanya, sai Khrushchev ya bayyana cewa matuƙin, Francis Gary Powers, yana hannu da ransa, ga kuma hotunan da ya ɗauka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Taron shugabanni da aka shirya a Faris a wannan wata ya watse ba a tsinana kome ba.

Ita ma Sobiyet ɓoyon bai yi mata rana ba. Khrushchev yana ta alfahari cewa masana'antunsu na fitar da rokoki ba ƙaƙƙautawa, alhali kuwa 'yan ƙalilan ne suke da su masu iya kaiwa Amurka. Ya ɓoye rauninsa don a ji tsoronsa, aka kuwa ji. Ko da kumbunan leƙen asiri suka nuna gaskiya a 1961, tsoron ya riga ya shiga siyasar Amurka, har ta ƙera rokoki 1,000 samfurin Minuteman. Barazanar baki ta jawo wa Sobiyet tseren da ta shafe shekaru tana biyan kuɗinsa.

Sai dai ba kowane asiri ne ke ɓata ba. A rikicin Kyuba na Oktoba 1962, lokacin da duniya ta kai bakin rami, abin da ya taimaka aka rabu lafiya har da alkawarin da Shugaba Kennedy ya yi a asirce cewa zai kwashe rokokin Amurka daga Turkiyya. An kwashe su a 1963, jama'a kuwa ba su sami tabbacin wannan ciniki ba sai bayan shekaru masu yawa. Amma a lura, mutanen waje aka ɓoye wa, su shugabannin biyu kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ɗauka, kuma kowa yana da idon da zai ga an cika.

YARJEJENIYAR 1972

Ran 26 ga Mayu na 1972 Shugaba Nixon da Leonid Brezhnev suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar taƙaita garkuwar makamai masu linzami. Kowace ƙasa an yarje mata wuri 2 kawai, kowane wuri da rokokin tarewa 100. A 1974 aka rage zuwa wuri ɗaya ɗaya. Sobiyet ta zaɓi kare Mosko. Amurka ta zaɓi kare ramukan rokokinta a jihar Dakota ta Arewa, ta buɗe tashar a 1975, ta rufe ta a 1976 don ta ga kuɗin ya fi amfanin.

Muhimmin abu a cikin yarjejeniyar shi ne sashe na 12. A nan ne ƙasashen biyu suka yarda kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido da kumbo da sauran na'urorinsa, suka kuma yi alkawarin ba za su tsoma baki cikin aikin waɗannan na'urori ba, ba kuma za su lulluɓe abin da ya kamata a gani da gangan ba. Watau abin da aka harbo jirgi saboda shi a 1960 ya zama halal a 1972. Har ila yau aka kafa wani kwamiti na dindindin da ke zama a Janiba, inda duk wanda ya ga abin da bai gane ba zai kai tambaya a ba shi amsa ba tare da an yi ta hayaniya a rediyo ba.

Fataken goro da na shanu sun san wannan ƙa'ida tun kafin a rubuta ta a Mosko. Ba a biyan kuɗin huhun goro sai an kwance an tona har ƙasa, ba a kuma sallama sa sai an zagaya shi an duba. Wannan dubawa ba cin mutuncin mai kaya ba ce, ita ce ke sa a dawo gobe a sake ciniki.

SHEKARUN ZARGI

Ran 23 ga Maris na 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ba da sanarwar shirinsa na tare makamai daga sararin samaniya, wanda 'yan jarida suka yi wa laƙabi da Yaƙin Taurari. Shekarar ta zo da tashin hankali. Ran 1 ga Satumba Sobiyet ta harbo jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya kauce hanya ya shiga samanta, mutum 269 suka hallaka. Ran 26 ga wannan wata na'urorin gargaɗi na Sobiyet suka nuna wai Amurka ta harbo rokoki, sai hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke cewa kuskuren na'ura ne. Ya kuwa yi daidai. An ɓoye wannan labari har bayan rushewar Sobiyet.

A cikin 1983 ɗin ne kuma kumbunan Amurka suka hango wata ƙatuwar tashar rada ana ginawa kusa da Krasnoyarsk a Saiberiya. Yarjejeniyar 1972 ta ce irin wannan tasha sai a bakin iyaka, tana fuskantar waje. Wannan kuwa tana can tsakiyar ƙasa, ɗaruruwan kilomita daga iyaka. Mosko ta dage cewa ta bin sawun kumbo ce. Shekara 6 ana wannan musu, sai a Oktoba 1989 Ministan Harkokin Waje Eduard Shevardnadze ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya amsa cewa tashar ta saɓa wa yarjejeniya, daga baya aka rushe ta. Tashar ba ta taɓa aiki ba, amma ƙaryar da aka yi a kanta ta ba masu ƙin sulhu a Amurka hujjar da suka daɗe suna nema.

Amurka ma hannunta ba fari tas ba ne. A 1985 gwamnatin Reagan ta ce wai yarjejeniyar 1972 ba ta hana gwajin sababbin makamai a sararin samaniya ba, ta dogara da takardun tattaunawa waɗanda ke kulle a matsayin asiri. Sanata Sam Nunn ya nemi a buɗe masa su, ya karanta, ya gaya wa Majalisa a 1987 cewa fassarar ba ta da tushe. Daga baya kuma, a 1994, masu binciken Majalisa suka tabbatar cewa Ma'aikatar Tsaro ta taɓa shirya dabarar yaudarar Sobiyet game da gwaje-gwajen garkuwa, ko da yake sun ce an bar dabarar kafin gwajin Yuni 1984 da aka yi shelar nasararsa. Sun kuma gano cewa a wannan gwaji an sauƙaƙa wa rokar tarewa ganin abin da za ta harba. Matsalar yaudarar abokin gaba ke nan, tana iya haɗawa da 'yan majalisar gida masu ba da kuɗi.

A Oktoba 1986, a birnin Rekyabik na ƙasar Aislan, Reagan da Mikhail Gorbachev sun kai ga maganar kawar da makaman nukiliya gaba ɗaya. Abin da ya wargaza taron shi ne garkuwa. Gorbachev ya nemi a tsare binciken Yaƙin Taurari a ɗakin gwaji har shekara 10, Reagan ya ƙi, amma ya ce in an gama za a ba Sobiyet fasahar. Gorbachev ya mayar masa da cewa ƙasar da ke hana su sayen ko da injin tatsar madara ba za ta ba su asirin makaminta mafi daraja ba. Reagan mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai alkawari ne da ba a iya dubawa, kuma ba a cinikin biri a sama.

DA AKA BUƊE ƘOFA

Shekara guda bayan haka, ran 8 ga Disamba 1987, mutanen nan biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar kawar da rokokin ƙasa masu cin zangon kilomita 500 zuwa 5,500. Zuwa 1991 an lalata rokoki 2,692 a gaban idon sufetocin juna. Amurkawa suka tare a ƙofar masana'antar rokoki ta Votkinsk a Rasha suna duba abin da ke fita, mutanen Sobiyet kuma suka tare a garin Magna na jihar Yuta. A 1992 aka farfaɗo da shawarar Eisenhower, aka yi yarjejeniyar buɗe sararin samaniya, wadda ta fara aiki a 2002, aka yi shawagi sama da 1,500 a ƙarƙashinta. A 2010 kuma aka yi yarjejeniyar Sabuwar START wadda ta ƙayyade wa kowa kawunan nukiliya 1,550 da ke ɗane, tare da ziyarar bincike 18 a shekara.

Yadda aka riƙa yin wannan bincike a da yana da darasi. In sufetoci suka zo, sai a buɗe musu kan roka, amma an yarda a lulluɓe kowane bam da mayafi. Suna iya ƙirgawa, ba sa iya ganin ƙira. Ashe ke nan asiri iri biyu ne. Akwai asirin yadda aka ƙera makami, wanda ba mai hankalin da zai ce a tona shi, don kada ya faɗa hannun kowa da kowa. Akwai kuma asirin adadi da wuri da niyya, wanda ɓoye shi ne ke haifar da zato. Ƙasashen sun riƙe na farko suka saki na biyu, ba kuwa wanda ya yi asara.

YADDA AKA SAKE RUFEWA

A Disamba 2001 Shugaba George Bush ƙarami ya ba da sanarwar fita daga yarjejeniyar 1972, fitar ta tabbata a Yuni 2002. Hujjarsa ita ce barazanar ƙasashe irin su Koriya ta Arewa da Iran. Amurka ta girke rokokin tarewa 44 a Alaska da Kalifoniya, ta buɗe tasha a Deveselu ta Romaniya a 2016, da wata a Redzikowo ta Polan a 2024. Rasha ta nemi a rubuta mata tabbaci mai ƙarfin doka cewa ba da ita ake ba, Amurka ta ce ba za ta ɗaure hannunta ba. Rasha ta kuma yi ƙorafin cewa bututun harbi na waɗannan tashoshi irin wanda jiragen ruwa ke harba rokar kai hari ta Tomahawk da shi ne, kuma daga nesa ba a sanin abin da ke ciki.

Ita ma Amurka ta zargi Rasha da ƙera wata roka a ɓoye mai suna 9M729 wadda ta saɓa wa yarjejeniyar 1987. Rasha ta musanta. Da a ce an yi musayar ziyara, kowa ya leƙa abin da yake zargi, da wataƙila an warware, amma wa'adin binciken wannan yarjejeniya ya ƙare tun 2001. Ran 2 ga Agusta 2019 yarjejeniyar ta mutu. Kafin nan, ran 1 ga Maris 2018, Shugaba Vladimir Putin ya nuna wa duniya sababbin makamai, har da Avangard da Sarmat da Poseidon, ya ce amsa ce ga ficewar Amurka ta 2002. Lissafin McNamara na 1967 ke nan ya tabbata.

Sauran ƙofofin ma haka suka bi. Amurka ta fita daga yarjejeniyar buɗe sama a 2020, Rasha ta bi ta a 2021. Ziyarar bincike ta Sabuwar START ta tsaya a Maris 2020 saboda annobar korona, a Fabrairu 2023 kuma, ana cikin yaƙin Yukren, Putin ya dakatar da aiki da ita. Ƙarin wa'adin da aka yi mata a 2021 zuwa 5 ga Fabrairu 2026 ne, kuma ƙa'idarta ba ta yarda a sake ƙarawa ba. Daɗin daɗawa ga Sin, wadda ba ta taɓa faɗin yawan makamanta ba. A 2021 masu bincike masu zaman kansu suka gano, ta hotunan kumbo na kasuwa, ramukan rokoki kusan 300 da take haƙawa a hamada, kuma Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ƙiyasta kawunan nukiliyarta sun wuce 600 a 2024. Sin tana ganin rashin sanin adadin shi ne kariyarta daga garkuwar Amurka, Amurka kuwa tana ganin ɓoyon hujja ce ta ƙara garkuwa. Kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, kowa kuma yana da rabin gaskiya.

INA RUWANMU?

Mai neman abincinsa a Agege ko Sabon Ibadan yana iya cewa wannan rigimar manya ce. Sai dai ƙurar nukiliya ba ta neman biza. A 1960 Faransa ta yi gwajin bam har sau 3 a Reggane cikin Saharar Aljeriya, yankin da iskar hunturu ke tasowa, kuma a Janairu 1961 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko saboda haka. Afirka ma tana da nata misalin amfanin buɗe ƙofa. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ƙera bam 6 a ɓoye. A Maris 1993 Shugaba de Klerk ya bayyana haka, ya ce an wargaza su, aka bar sufetocin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka shiga suka tabbatar. Wannan ya share fagen yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 wadda ta haramta makaman nukiliya a nahiyar.

Ba wanda zai hana wata ƙasa neman kare jama'arta, kuma garkuwa ta kusa, irin wadda ke tare ƙananan rokoki a fagen yaƙi, ta ceci rayuka a wurare da yawa. Amma wanda zai rataya makamai a sararin samaniya bisa kan kowa, wajibi ne ya faɗi nawa ne, ina za su tsaya, da wa ake, ya kuma bari a zo a gani. Haka nan wanda ke haƙa ramuka a hamada, da wanda ya kori sufetoci daga ƙofarsa. Tarihin nan ya nuna cewa amana tsakanin manyan ƙasashe ba ta taɓa riga bincike zuwa ba, a bayansa take biyowa. Reagan da Gorbachev ba su fara da yarda da juna ba, da ƙirga suka fara.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Muddin ba a koma ga wannan ba, kowace ƙasa za ta ci gaba da shiri bisa jita-jita da mafi munin zato, kuma ran da na'ura ta sake yin kuskure irin na 1983, ba tabbas a sami mai sanyin zuciya a bakin aiki. Allah Ya kiyaye.